Wa Ya San Inda Yaron Ya Kwana? Sharhi a kan Paris Is Burning da Kiki

Akwai wani ɗan gajeren wuri a cikin fim ɗin Paris Is Burning wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Dare ya raba a birnin New York, mai fim ta tsayar da wasu yara biyu maza a bakin titi, ɗaya shekararsa 13, ɗayan 15. Fuskarsu cike da dariya, irin dariyar yaron da aka haska wa fitila aka ce ya yi magana. Ta tambayi shekarunsu, ta tambayi inda suke zaune. Ɗaya ya ce wurin wani abokinsa yake raɓewa. Daga nan aka koma zauren rawa, aka ci gaba da kiɗa da kofuna da ƙyalƙyali. Ba a gaya mana sunan yaran ba, ba a gaya mana inda suka kwana a daren ba. Sau uku na kalli fim ɗin, kuma kowane karo sai hankalina ya tsaya a bakin titin nan ya ƙi bin kyamara ciki.

Fina-finai biyu nake so in aza a sikeli. Na farko shi ne wannan, na Jennie Livingston, wanda ya fito a 1990. Na biyu Kiki, na Sara Jordenö, ƴar ƙasar Suwidin, tare da Twiggy Pucci Garçon, wanda ya fito a 2016. Dukansu fina-finan gaskiya ne, babu ɗan wasa a ciki, kuma a gari ɗaya aka ɗauke su, cikin jama'a ɗaya: matasa baƙar fata da ƴan asalin Latin Amurka, ƴan luwaɗi da maɗigo da masu sauya jinsi, waɗanda a can ake tara su ƙarƙashin haruffan LGBTQ. Shekara 26 ce tsakanin fitowar wannan da wancan.

Na san akwai waɗanda tun daga nan za su ɗaure fuska. Abin da addini ya ce a kan wannan al'amari sananne ne a wurinmu, yana da malamansa, ni kuwa ba na cikinsu. Aikina sharhin littafi da fim, saboda haka abin da ke gabana shi ne tambayar da fina-finan suka ɗauko da yadda suka amsa ta. Tambayar tsohuwa ce, ta girmi Amurka: in uba ya nuna wa ɗansa ƙofa ya ce kada ya sake ganin ƙeyarsa, wa ke ɗaukar yaron? Shi kuma wanda ya ɗauke shi, mene ne sunan aikin da yake yi? A fim na farko sunansa uwa. A na biyu sunan ya fara komawa shugaban matasa, mai katin aiki rataye a wuya. Abin da ya faru tsakanin sunayen nan biyu nake bi.

Sai wata ƴar matsala ta harshe. Hausa ba ta barin marubuci ya laɓe, kowace jimla sai ka zaɓi "ya" ko "ta". Na bi yadda mutanen ke kiran junansu. Wadda ƴaƴan gidanta ke ce wa uwa, na ce mata "ta".

Abin da suke kira gida ƙungiya ce, sau da yawa ma babu gini. Akwai uwa, wani lokaci da uba, sai ƴaƴa waɗanda ke ɗaukar sunan gidan su ajiye na mahaifi. Akwai gidan LaBeija, wanda Crystal LaBeija ta assasa a shekarun 1970 bayan ta gaji da yadda alƙalan gasar kwalliya ke fifita farar fata. Akwai gidan Xtravaganza, da aka kafa a 1982 don ƴan Latin. Akwai Ninja, akwai Pendavis, akwai Dupree. Gidajen kan kama hayar zaure a unguwar Harlem su kwana suna gasa har gari ya waye. Ana gasar rawa, wadda ta fi suna ita ce Vogue, da ta ari suna daga mujallar kayan ado, don mai rawar yana kwaikwayon tsayuwar matan cikin hotuna. Ana gasar sutura. Ana kuma wata gasa da zan kira sajewa, kuma a ganina ita ce cibiyar fim ɗin.

A gasar sajewa mutum zai fito cikin kwat da jakar ofis kamar manajan banki, ko cikin kakin soja, ko rungume da littattafai kamar ɗalibin jami'a, alƙalai su duba ko zai iya ratsa titi ba wanda ya gane shi. Dorian Corey, tsohuwar hannu a harkar, tana zaune gaban madubi tana shafa hoda a hankali, ita ta warware ma'anar abin. Wanda ya ci kofin manaja, in ji ta, yana nuna wa duniya cewa da an ba shi dama da ya iya, tunda ga shi ya yi kama. A wani wurin kuma ta ce gwanar sajewa ita ce wadda za ta fita daga zauren da rana tsaka, ta hau jirgin ƙasa ta isa gida da kayanta cikakku ba jini a jikinta. Da na ji wannan sai na daina kallon gasar a matsayin wasa. Makaranta ce, darasinta yadda za ka kai gobe da ranka, kofin kuwa takardar shaida. Ita ce dai ta bambanta zagi iri biyu: wanda za ka nemo aibin mutum ka kambama shi jama'a su yi dariya, da wanda ba sai ka faɗa ba domin mai shi ya riga ya sani. Fassarar Faransancin da ke ƙasan hoton ta yi ta fama da kalmomin nan biyu. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, zambo ne da habaici.

Iyaye mata biyu ne suka riƙe fim ɗin. Pepper LaBeija tana zaune a ɗakinta, taba a hannu, ƴaƴan gida sun kewaye ta kamar fadawa. Ta ba da labarin yaran da ke zuwa gasa da yunwa a cikinsu, wasu a tsohuwar matsayar jiragen ruwa ta bakin kogi suke kwana, amma sai sun saci riga sun zo sun yi sarautar dare ɗaya. Ta ba da labarin ranar da mahaifiyarta ta gano wata rigar sanyi ta mata mai tsada a cikin kayanta, ta fita da ita bayan gida ta cinna mata wuta. Ba ta yi kuka a gaban kyamara ba, kuma rashin kukan ya fi kukan ciwo. Ta biyun ita ce Angie Xtravaganza, wadda aka ba kofin gwarzuwar uwa ta shekara. Ƴaƴanta suna faɗin yadda ta ciyar da su, yadda ta buɗe ƙofa ranar da aka rufe musu ta gida. A lokacin ita kanta ba ta kai shekara 25 ba.

A nan ƙorafina na farko yake. Wannan aikin duka da baki aka gaya mana shi. Kyamarar Livingston tana son zaure, tana son gashin jimina da duwatsun ado, kuma ta iya ɗaukarsu, ba na musu. Amma ba mu ga tukunya a kan wuta ba. Ba mu ga wanda ke biyan kuɗin haya ba, ko mutum nawa ke kwance a katifa ɗaya, ko yadda uwa ke hukunta ɗan da ya yi laifi, ko wanda ya ƙwanƙwasa ta ce masa babu wuri. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin wani ya san cewa hannun da ke ba ka tuwo shi ke riƙe da wuyanka. Uwar da ke da ikon ɗaukar yaro tana da ikon korarsa, kuma babu wanda zai kai ƙara wurinsa. Fim ɗin bai taɓa wannan ba ko da yatsa. Ya bar mu da iyaye mata masu hikima da zafin harshe, waɗanda muke so nan take, ya ɓoye mana mulkinsu.

Abin da bai iya ɓoyewa ba shi ne Venus Xtravaganza. Siririya ce, mai ƙaramar murya, tana kwance a gado tana lissafa burinta: mota, gida nesa da New York inda ba wanda ya san ta, aure a coci cikin farar riga. Ba ta ɓoye hanyar da take samun kuɗi ba, maza ne ke biya, har ta ba da labarin ranar da ta tsere ta taga don wani ya gano ta ya so hallaka ta. A watan Disamba na 1988 aka tsinci gawarta ƙarƙashin gado a wani ƙaramin otal, an shaƙe ta, ta kwana huɗu a wurin. Shekararta 23. Angie ce aka nema ta shaida gawar, ita ce kuma ta kai wa dangin jini labari. Ta faɗi haka a fim ɗin cikin ƴan jimloli, da muryar wadda ta daɗe tana jiran irin wannan saƙo. Ta ce ta sha yi mata faɗa a kan shiga motar wanda ba ta sani ba. A wannan ɗan wurin ake ganin iyakar gida ƙarara. Uwa ta san hatsarin, ta yi gargaɗi, amma ba ta da wata hanyar abinci da za ta miƙa a madadin wadda take hanawa.

Marubuciya bell hooks ta caccaki fim ɗin a littafinta Black Looks na 1992. Hujjarta ita ce baturiya mai ilimin babbar jami'a ta shiga cikin talakawa baƙar fata ta mai da rayuwarsu abin kallo, ita kuma ta laɓe bayan kyamara kamar ba hannunta ke zaɓen abin da za a gani ba, har mutuwar Venus ta wuce ba a zauna makoki ba. A kan laɓewar da kuma gaggawar na yarda da ita. Inda muka rabu shi ne ta fi mai da hankali ga yadda mutanen ke mafarkin zama farar mace mai kuɗi, har ta kusa wuce gidan da kansa, alhali shi ne abin da suka gina da hannunsu, ba aro ba. Maganar kuɗi kuwa ta ƙara wa zarginta ƙarfi. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Sundance na 1991, ya tara kusan dala miliyan 4 a gidajen sinima. Abin da aka raba wa mutum 13 daga cikin waɗanda suka fito a ciki dala dubu 55 ne. Wasunsu sun yi yunƙurin zuwa kotu, aka nuna musu takardun da suka sa wa hannu, magana ta mutu. A 1990 kuma Madonna ta fitar da waƙarta mai sunan rawar, duniya ta ɗauka, masu rawar na asali mafi yawansu suka ci gaba da neman kuɗin haya.

Wanda ya kalli Paris Is Burning kawai zai ɗauka cewa ban da gidajen nan babu kowa. Akwai. Tun 1970 Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson suka kafa ƙungiyar STAR, suka kama wani ruɓaɓɓen gini a Manhattan suna kwantar da yaran titi, su biyun suna fita da dare su nemo abin da za a ci don kada yaran su fita. Ba a yi shekara ba aka kore su saboda bashin haya. A 1979 wani likitan ƙwaƙwalwa, Emery Hetrick, da wani malamin jami'a, Damien Martin, suka ji labarin yaro ɗan shekara 15 da aka yi wa duka da fyaɗe a gidan kwanan marasa galihu, sannan shi aka kora, aka ce halinsa ne ya jawo. Suka kafa cibiyar da yau ke ɗauke da sunansu, wadda a 1985 ta buɗe makarantar Harvey Milk don yaran da tsangwama ta hana zama aji. A 1997 aka harbe wani matashi mai suna Ali Forney a Harlem yana da shekara 22, shi ma ɗan titi ne mai bin ƴan uwansa yana raba musu kwaroron roba. A 2002 aka buɗe cibiyar kwana da sunansa. Waɗannan duk suna gari ɗaya da Pepper da Angie, wasunsu a lokaci ɗaya, fim ɗin bai leƙa ofis ko ɗaya ba.

Kiki ya fara daga inda hanyoyin nan biyu suka haɗu. Ƙungiyoyin yaƙi da cutar sida, wato ƙanjamau, sun gane cewa yaron da ba zai taka asibiti ba zai kwana a layi don gasa. Ƙungiyar GMHC ta daɗe tana shirya gasarta ta shekara-shekara inda ake rawa ana gwajin jini a wuri ɗaya. Daga irin wannan cuɗanya, a farkon shekarun 2000, ƙananan gidaje suka tsiro a zaurukan cibiyoyin, na yara masu ƙarancin shekaru, inda sutura ba ta da tsada kuma uwa ko uban gida sau da yawa bai girmi ƴaƴansa da shekara biyar ba. Su ake kira Kiki. Abin ya yi kama da mangwaro mai aure, saiwar ta gida ce, reshen na ofis.

Yadda aka yi fim ɗin ma amsa ce ga na farko. Twiggy da Chi Chi Mizrahi, waɗanda kowannensu ke jagorancin gida, su ne suka nemi Jordenö, kuma sunan Twiggy yana cikin marubutan fim ɗin. An ɗauki shekara huɗu ana aikin, ya ci kyautar Teddy a bikin Berlin na 2016. Abubuwan da na ce na rasa a wancan, da yawa na same su a nan. Mun ga zaman taron gida, ana gardama, ana tsara gasa, ana atisaye har gumi. Mun ga jama'a sun taru makokin ɗaya daga cikinsu, kuma kyamara ta zauna ba ta yi sauri ba. Mun ga iyayen jini, abin da Livingston ba ta kawo ba sam: an bi Twiggy har jihar Virginia wurin mahaifiya, ga ta zaune tana neman kalmomin da za ta bayyana ɗan da take so kuma ba ta gama fahimta ba. Jefi-jefi kuma fim ɗin kan tsaya cak, matashi ɗaya ya zuba wa kyamara ido ba magana, har mai kallo ya ji kunya ya so kau da kai. Wannan dabara ta yi mini. Kamar ana ce mana, kun kalle mu shekara 26, yanzu mu ma bari mu kalle ku.

Duk da haka, da na gama Kiki ban riƙe jimla ɗaya a kaina ba, alhali maganganun Dorian Corey sun bi ni har wurin aiki. Na daɗe ina neman dalili, sai na tuna wani taro. Na taɓa zaman kwana uku a wani otal a Yamai, horar da shugabannin matasa, wata ƙungiya daga waje ta shirya. Ba ruwansa da wannan batu, maganar zaman lafiya ce tsakanin manoma da makiyaya. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu manyan takardu da alƙalamai masu launi, ranar ƙarshe aka ba mu takardar shaida da kuɗin zama. Akwai wata yarinya daga wani ƙauye a arewacin Damagaram wadda ranar farko ta ba da labarin rikicin rijiyar garinsu da bakinta, wa ya fara, saniyar wa ta sha, tsohuwar da ta shiga tsakani ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasa. Zauren ya yi tsit. Rana ta uku aka ce ta maimaita a gaban baƙi, sai na ji tana cewa masu ruwa da tsaki, da wayar da kan al'umma, da ƙarfafa gwiwar mata. Rijiya ta ɓace, tsohuwar ta ɓace. An tafa mata fiye da ranar farko.

Wannan muryar ta rana ta uku na ji a wurare da yawa cikin Kiki. Matasan ba ƙarya suke yi ba, abin da suke faɗa game da ƴan sanda da rashin muhalli da cuta gaskiya ne, a jikinsu suka karanta shi. Amma an koya musu faɗarsa da harshen da mai ba da tallafi ke ganewa, harshen da ke shiga rahoto ba gyara. Da zarar an zaunar da su a da'ira, sai ka ji kamar mutum ɗaya ke magana da bakuna goma. Inda fim ɗin ya fi rai shi ne inda wannan harshe ya kuɓuce. Akwai wurin da wani ƙaramin yaro ya jefi Gia Marie Love da zagi a kan titi, ita da muka saba ji tana jero magana kamar lauya, nan take ta harzuƙa sai da aka riƙe ta. A daƙiƙun nan na fahimci abin da take ɗauke da shi kullum fiye da duk jawabanta.

Akwai kuma tambayar da fim ɗin bai yi wa masu ɗaukar nauyinsa ba, watakila don yana zaune a zaurensu. Shirin horar da shugabanni zaɓe yake yi. Yana ɗaukar mai baki, mai kyan tsayuwa, wanda za a iya kaiwa gaban manya. An gayyaci Twiggy har Fadar White House a zamanin Obama, kuma abin alfahari ne ga wanda ya fito daga inda ya fito. To amma yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban baƙo, mai warin titi, mai saurin fushi, shi ina matsayinsa? A takarda sunansa mai cin gajiya, lamba ce a cikin jadawali. Sannan kusan duk shirye-shiryen nan suna da iyakar shekaru, galibi 24. Ranar da ka cika 25 ka daina zama matashi a idon kasafin kuɗi, ko da daren jiya a benci ka kwana. Angie ba ta tambayar takardar haihuwa. Kuma tallafi yana da ranar ƙarewa, abin da mu mutanen ƙasar furoje muka sani sarai: mota mai tambari ta zo, ta yi shekara uku, ta tafi, allon ya rage a bakin hanya yana tsatsa.

Sai dai ina jin tsoron kaina a nan, domin mai sharhi yana da wata muguwar ɗabi'a ta fifita abin da ya fi daɗin kallo. Zamanin Angie ya fi daɗin fim, amma a ƙirga kaburbura. Venus 1988. Angie 1993, tana da shekara 28, sida. Dorian 1993, sida. Willi Ninja, gwanin rawar, 2006, shi ma ita. Gidan STAR soyayya ba ta hana mai gida karɓe makullinsa ba. Abin da ya sa matasan Kiki ke da damar yin jawabi mai gundura shi ne suna raye, kuma abin da ya raya su ba kofi ba ne. Haɗin magungunan da ya fito a 1996 ne, da ƙwayar rigakafin da aka amince da ita a 2012, da gado mai bargo, da ma'aikacin da ake biya albashi don ya bi yaro ya tabbatar ya sha magani. Waɗannan uwa ba ta da su, sai ofis. Kuma ko da su ɗin, wuta ba ta mutu ba. Wani bincike na cibiyar Williams a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa marasa muhalli da cibiyoyin Amurka ke karɓa daga cikin wannan jama'a suke. A 2016, shekarar da Kiki ya fito, hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta yi ƙiyasin cewa in aka ci gaba a haka, ɗaya cikin biyu na baƙaƙen maza masu neman maza zai kamu da ƙwayar cutar a rayuwarsa. Kotun ƙoli ta halatta musu aure a 2015, aka yi ta biki, amma mai neman wurin kwana ba takardar aure ce ta dame shi ba.

Saboda haka hukuncina rabe yake, kuma ba zan ɗinke shi da ƙarfi ba. Paris Is Burning ya fi zama fim, Kiki ya fi riƙon amana. Na farko ya ba mu mutane ya ɓoye aikinsu, na biyu ya nuna aikin ya rage wa mutanen kaifin harshe.

Akwai wani abu guda da na rasa a dukansu, kuma tasha ce ta tuna mini da shi. Duk wanda ya tashi kusa da tashar mota a ƙasar Hausa, ko a Maraɗi ko a Katsina, ya san rumfar ƴan daudu, da tukwanen tuwo da kaskon suyar kaji, da babba mai zani a ƙirji yana ba da umarni, ƙanana na wanke kwanoni. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi mai suna Allah Made Us, wanda ya fito a 2009, inda ya nuna yadda suke kiran juna uwa da ɗiya da ƙawa. Ba na cewa abu ɗaya ne da na Harlem. Tarihinsu daban, yadda suke ganin kansu daban, kuma da yawansu ba za su amsa sunan haruffan nan na Amurka ba. Abin da ya yi kama shi ne, in ƙofar dangi ta rufe, mutane kan sake gina dangi da kalmomin dangin da suka rasa. Abin da ya bambanta kuwa shi ne tukunya. Yaron da ya raɓi rumfar nan yana fita da sana'a a hannu, ya iya tuƙa tuwon mutum hamsin, ya san farashin buhu. Gidan Harlem yana ba da suna da kofi, in ka cire ƴan kaɗan masu ɗinki da irin Willi Ninja da ya koma koya wa masu tallan kaya tafiya. A Kiki kuwa sana'ar da ake koyarwa ita ce shugabancin kansa, wato ka zama ma'aikacin cibiyar da ta raine ka. Kujerun kuma kaɗan ne. Da a ce ɗaya daga cikin fina-finan ya tambayi wani uban gida mutum nawa cikin ƴaƴansa ke da abin yi da safe, da ya taɓo inda ke ciwo.

A 2024 wani fim na uku ya fito, I'm Your Venus, na Kimberly Reed. Ƴan uwan Venus uku maza, waɗanda suka fito ciki ɗaya da ita a wani gidan ƴan asalin Italiya da Puerto Rico a Jersey City, sun haɗu da ƴan gidan Xtravaganza na yanzu, suka ɗauki lauyoyi suna neman a sake buɗe binciken kisan. Sun kuma nemi hukuma ta sauya mata suna bayan mutuwa, aka amince. Sunan da ke takarda yanzu yana ɗauke da na gidajen biyu, na mahaifi da na Angie. An yi shekara 35 kafin dangin nan biyu su zauna a tebur ɗaya, Angie kuwa ta riga ta yi shekara 30 a ƙasa.